Zannuwan da Ɗan'azumi Ya Rina

Litinin, 24 ga Nuwamba 1969, da hantsi

Na buɗe adaka don in ga abin da za mu sa ranar Kirsimeti, na mayar na rufe. Zannuwan fita uku gare ni, duk sun koɗe har ba a gane launin da aka sayo su da shi. Bulawus ɗaya ta yage a hammata, ɗayar wuyanta ya saki. Rigar Fure ta bara yanzu iyakarta cinya. Yarinyar nan tsawo kawai take yi, ba ta shawara da kowa.

Ranar Asabar na shiga kanti na taɓa atamfa. Mai kantin ya faɗi kuɗinta, na janye hannuna na ce Allah ya ba da kasuwa. Wai yaƙi ne ya hana kaya shigowa. Komai yanzu yaƙi. Mai tumatir ma in ya tsawwala sai ya ce yaƙi, sai ka ce a Gabas ake noma shi.

To ni ba zan zauna ina kallon adaka ba. Ina da keken ɗinki na hannu da Baban Fure ya saya mini kafin ya shiga soja, kuma Baturiyar mishan da ta koya mini karatu a Tungan Magajiya ba ta sallame ni ba sai da na iya riƙe almakashi. Abin da nake da shi zan juya. Zannuwa su tafi marina su dawo shuɗaye. Bulawus in sake musu wuya. Fure kuma, Hajja mai gidan da muke haya ta ba ni buhunan fulawa da ta gama yin fanke da su, fari ne mai kauri, zai yi riga.

Akwai zane na huɗu a can ƙasan adaka, na aurena, atamfa ruwan ɗorawa mai hoton tsuntsaye. Wannan ba ya cikin lissafi. Sau ɗaya na taɓa sa masa almakashi, ana gobe za a tafi da su, na yanki gefe na ɗinka wa Baban Fure 'yar jakar reza da mataji. Ya ce sojoji za su yi masa dariya. Na ce su yi ta yi. Ranar da ya dawo zan ɗaura zanen.

Tun damina ba mu ji daga gare shi ba. Hanya ce ba kyau, kowa ya sani.

Talata, bayan azahar

Na kai zannuwan marina wurin Malam Ɗan'azumi. Azumi suke yi, ga kayan Sallah jibge a gabansa, bakinsa ya bushe amma bai hana shi surutu ba. Na ce masa shuɗi nake so mai haske, irin na bula.

Ya ɗaga zanen ya duba, ya ce, “Ke ce matar sojan nan ta gidan Hajja, ko? Allah ya dawo da shi lafiya.”

Na ce amin.

Ya ce, “Bar mini su. Zan yi miki aikin da za ki riƙa tunawa da ni.”

Na dawo ina jin daɗi, ina cewa ashe har yanzu akwai mutanen kirki a garin nan.

Juma'a, da safe

Rubutun jikin buhun fulawa ya ƙi fita. Na jiƙa da kanwa, na dirza da sabulun salo, na shafa kananzir kamar yadda Hajja ta ce. Ya dusashe, amma yana nan. Duk yadda na juya ƙyallen, sai babban harafi ya faɗo daidai mazaunan Fure.

Asabar, 6 ga Disamba, da la'asar

Na je karɓo zannuwana.

Baƙi! Baƙi ƙirin, duka ukun! Malam Ɗan'azumi ya fito da su a ninke suna ƙyalli, yana murmushi har kunne, yana jira in yi guɗa.

Na ce, “Malam, mene ne wannan?”

Ya ce, “Shuɗin da kika ce ai na masu ƙaramin ƙarfi ne, tsomi ɗaya, wanki biyu ya tafi. Ni kuwa na yi ta tsoma naki ina shanyawa, ina tsomawa ina shanyawa, sannan na kai mabuga aka buge su. Irin wannan sai matan attajirai. Kuma kyauta na ƙara miki, saboda maigidanki.”

Na ce, “Ni na ce ka ƙara?”

Ya ce, “Haba, ai alheri ba a tambaya.”

Me za ka ce wa mai azumi da ya yi maka alheri? Na faɗi kaɗan dai, na haɗiye sauran, na ɗauko kayana. Garin neman gira na rasa ido. Gobe Lahadi, kuma ban da waɗannan ba ni da abin ɗaurawa sai zanen da nake daka da shi.

Lahadi, bayan an tashi sujada

Na san baƙi ne, ban makance ba. Amma na ɗauka in na sa farin ɗankwali zai wuce. Ban ko kai bakin ƙofar majami'a ba, Mama Cecilia shugabar zumuntar mata ta hango ni, ta saki littafin waƙarta a ƙasa, ta rungume ni. Na ɗauka murnar ganina take yi. Sai na ji bayana yana jiƙewa.

Ta ce, “Salome, yaushe? Yaushe labarin ya zo, ba ki aiko ba?”

Na ce wane labari? Kafin in rufe baki an buga ƙararrawa, mata sun kama ni hagu da dama sun zaunar da ni a bencin gaba, inda ban taɓa zama ba. Wata ta ɗauke Fure ta ɗora a cinya. Da aka zo addu'a sai na ji Pasto yana roƙon ta'aziyyar Ubangiji a kan 'yar'uwarmu Salome da marainiyarta. Ido a rufe, kowa na amin. Ta yaya mutum zai miƙe a tsakiyar addu'a ya ce wa Pasto rini ne?

Ana cewa amin ta ƙarshe na miƙe na faɗa. Na faɗa da ƙarfi har sau biyu. Mama Cecilia ta shafa mini kafaɗa ta ce, “Haka ne 'yata, da farko zuciya ba ta yarda.”

Ba wanda ya gaya mini komai. Baban Fure lafiyarsa ƙalau.

Lahadi dai, kafin magariba

Sun biyo ni gida. Da tabarmi, da kunu, da waƙoƙin jana'iza. Hajja tana tsakar gida tana haɗa kayan buɗa baki, ta ji waƙa, ta shigo tana salati da ludayi a hannu. Sai da na jawo hannun Mama Cecilia na goga zanen a tafinta, ta ga shuni ya fito, sannan aka fara naɗe tabarmi. Ko a haka ma wata tana fita tana cewa Allah ya sa ba nuni ba ne.

Gyara kayanka dai bai zama sauke mu raba ba. Kunun kuwa ban mayar ba, mun sha.

Talata, da hantsi

Lemon tsami, toka, ruwan zafi. Na shanya su a kan rufi tun fitowar rana. Hannuwana sun zama shuɗaye har gwiwa, zannuwa suna nan yadda suke.

Laraba

Na sake wankewa. Ruwan ya yi baƙi, zanen bai san an yi ba.

Alhamis, ranar Sallah, da yamma

Ga abin haushi kuma. Hajja ta ari ɗaya daga cikinsu ta ɗaura ta tafi gaishe-gaishen Sallah, ta dawo bakinta ya ƙi rufuwa. Wai duk gidan da ta shiga sai an taɓa an tambayi marinin. Zane ɗaya, a unguwarsu ado, a majami'armu makoki.

Ta ce mu yi musaya, ta ba ni nata mai fure-fure. Na gwada. Hajja guntuwa ce, ni kuwa doguwa, zanen ya tsaya mini a ƙwauri. Na mayar mata na ce na gode. Kayana ne, ni na ɓata su, ni zan gyara.

Sai ta ce, “To ga farar rigar maigidanki can a rataye tana shan hayaƙi, ki yanka wa Fure mana, ki huta da buhun nan.”

Na ce in ya dawo ya sa me? Ta juya ta ba Fure nama.

Asabar, 13 ga Disamba, da azahar

Ana wata ga wata. Mama Iyatu, uwar Baban Fure, ta sauka daga motar Tungan Magajiya da ƙunshinta a ka. Matan kasuwa sun kai mata labari wai surukarta ta sa baƙi a Kontagora. Tsohuwar da ko kasuwar ƙauyensu ba ta zuwa sai an riƙe mata hannu, ita ce ta hau bayan akori-kura ita kaɗai.

Ta shigo ba sallama. Ta tsaya tana kallon zanen jikina. Na durƙusa na gaishe ta, ba ta amsa ba. Na yi mata bayani tun daga koɗewa har zuwa mabuga, na nuna mata hannuwana. Da Hausarta ta ƙare sai ta koma Dukanci, ta sake tambayata, wai ko na fi faɗin gaskiya da shi. Na sake faɗa mata.

Ta sauke ƙunshin ta ce, “To. Tunda na zo, na zo.”

Ɗakin nan ni da Fure ma da ƙyar muke juyawa a ciki.

Litinin, da safe

Mama ta canza wa tulu wuri. Ta ce miyata ba gishiri. Ta ce allura na faɗuwa a ƙasa yarinya za ta taka. Almakashina na same shi a cikin kwandon kuɓewa.

Na gama bulawus ɗaya. Na yanke hannun da ya yage gaba ɗaya, na mayar da ita mai gajeren hannu, na yi amfani da abin da na yanke na ɗaure wuyan ɗayar. Ta yi kyau. Ba wanda ya ce ta yi kyau.

Talata, bayan la'asar

Ina kan keke Mama ta zauna kusa da ni ta fara wata magana. Wai Sati, ɗan maƙwabcinsu, wanda suka shiga soja rana ɗaya da Baban Fure, an kawo shi asibitin soja a Kaduna da rauni a ƙafa. Wai ya aika wa iyayensa cewa in ya iya takawa zai zo Kontagora da kansa ya ga matar Irmiya, wato ni.

Ta ce, “'Yata, in gaisuwa ce ya ɗauko, me ya hana shi ya aiko da ita?”

Keken nan in ka juya shi da sauri ƙararsa ba ta barin ka ji komai. Na ɗinke gefen rigar Fure, na farke, na sake ɗinkewa.

Sati tun yana yaro son yawo gare shi. Kontagora yake son gani.

Laraba

Na je ɗibar ruwa, mata biyu suka karɓe mini guga suka ce in huta. Tun yaushe?

Alhamis, 18 ga Disamba, da hantsi

Na gaji. Na gaji da a riƙa rage murya in na shigo wuri. Na gaji da mai nama yana ƙara mini ƙashi yana kawar da kai. Jiya Fure ta dawo daga wasa ta tambaye ni mece ce marainiya. Na ce sunan wani tsuntsu ne, je ki wanke ƙafa.

Tunda baƙin ya ƙi fita, to zan rufe masa baki. Na ciro zanen aurena daga ƙasan adaka na shimfiɗa a tabarma. Ba wanda zai ga ruwan ɗorawa da tsuntsaye a jikin mace ya ce makoki take yi.

Mama ta ga na ɗauko almakashi, ta dafa ƙyallen ta ce, “Bar shi. Bar baƙaƙen ma yadda suke, 'yata. Kada ki wahalar da kanki.”

Na ce, “Mama, me kike nufi?”

Ta ce ba ta nufin komai.

Na ce to in ba ki nufin komai ɗaga hannunki. Ban taɓa yi mata magana haka ba. Ta ɗaga. Na yanka.

Na tsaga shi dogaye-dogaye, faɗin tafin hannu, ina bin layin tsuntsayen don kada in raba wani da kansa. In ya dawo ya tambayi zanen, sai in ce ya je ya tambayi Ɗan'azumi.

Asabar, da yamma

Na kewaye bakin zane biyu, sama da ƙasa. Na kalmashe gefen ciki, na bi da keke sau biyu, ɗinki ƙanana-ƙanana, yadda ko jikokina ba za su ga ya farke ba. Ragowar na yi wa rigar Fure wuya da aljihu, na kuma ɗora wani babban tsuntsu daidai kan harafin nan mai taurin kai. Yanzu duk wanda ya bi ta a baya tsuntsu zai gani.

Mama ce ta riƙa zura mini zare a allura. Idonta ya fi nawa, ashe.

Kirsimeti, bayan azahar

To! Yau dai na sha iska. Na shiga majami'a da baƙi da ruwan ɗorawa, Fure a gabana tana juyi don aljihunta ya buɗe. Ba wadda ta rungume ni. Na koma bencina na baya. Da aka tashi sai ga su sun kewaye ni suna jan bakin zanen, wai a ina na sayo. Mama Cecilia da kanta ta ce in yi mata irinsa kafin sabuwar shekara, tana da wani tsohon zane. Na ce ta kai wa Ɗan'azumi tukuna, ta ga yadda ake ji.

Pasto ya karanta sunayen 'ya'yan ikilisiya da ke bakin daga don a yi musu addu'a. Na kasa kunne. Ya karanta nasa a tsakiyar na sauran, bai rage murya ba.

Na yi murna yau. Na rubuta don in tuna.

Talata, 30 ga Disamba

Mata uku sun kawo tsofaffin zannuwa. Kowa na son “irin na Salome”. Ɗaya ta kawo labulen ɗakinta wai in yanka mata baki da shi.

Lahadi, 4 ga Janairu 1970

Ba komai.

Laraba, da la'asar

Mama ta mayar da bakin zaure wurin zamanta. Duk motar da ta yi ƙara daga wajen tasha sai ta miƙe. Na ce ta shigo rana za ta dame ta, ta ce tana jin daɗin ranar.

Allurar keke ta karye. Na sa ta ƙarshe.

Litinin, 12 ga Janairu, da yamma

Rediyon Hajja ya ce an gama yaƙi. Ta fito tsakar gida tana guɗa, ta rungume ni, ta rungume Mama, fankenta na ƙonewa a kasko. A titi yara na buga gwangwani. Na sauko da farar rigar na wanke, na sa bula da sitaci, na goge ta da dutsen guga har sau biyu. Wuyan ya ɗan ci, na juya shi ciki ya koma waje, ba mai ganewa.

Mama tana kallona. Na tsani irin kallon nan.

Alhamis

Ba kowa.

Asabar

Motar Kaduna ta zo. Buhunan gishiri.

Laraba, 21 ga Janairu, bayan la'asar

Sati ya zo.

Da sanda ya shigo, ƙafar wandonsa ɗaya a naɗe an kama ta da fil. Wanda ya yi masa naɗin bai iya ba, duk ya tattare. Na shimfiɗa masa tabarma, na kawo ruwa, na tambaye shi hanya, na tambaye shi mutanen Kaduna, na tambaye shi ko ya ci abinci. Ya ce, “Matar yaya, zauna mana.” Na ce ina da ɗinkin mutane.

Na zauna gaban keke na juya. Na yi ta juyawa. Sai da Mama ta taso ta ɗora hannunta a kan nawa sannan na ga ba ƙyalle a ƙarƙashin allurar.

Ya sa hannu a aljihu ya fito da 'yar jakar ya ajiye a kan tabarma. Ta yi dauɗa, ruwan ɗorawan ya koma kamar ƙasa. Igiyar da na sa mata ta tsinke, an zura igiyar takalmi a madadinta. Ya ce duk bataliyarsu ba wanda bai san jakar nan ba, har suna kiransa Mai Tsuntsaye, shi kuwa ko a jikinsa.

Fure ta leƙo daga bayan Hajja ta ce, “Mama, ga irin tsuntsun rigata!”

Sauran abin da ya faɗa, ya faɗa. Mama ce ta yi masa tambayoyi. Ni ina ta kallon igiyar takalmin nan. Da ya aiko ya gaya mini ta tsinke, ai da na aika masa da wata.

Alhamis, da hantsi

Tabarmin sun dawo. Kunun ma. Ban goga wa kowa shuni a hannu ba.

Juma'a, kafin magariba

Masu ta'aziyya sun tafi, sai Lahadi kuma.

Na ɗauko reza na zauna bakin ƙofa da zannuwan. Wa ya aike ni bin ɗinki sau biyu? Ƙanana-ƙanana, a matse, reza ba ta samun wurin shiga. Tun azahar nake fama, na yanke yatsa, ban gama ko ɗaya ba. Mama ta zo ta zauna ta kama ɗaya gefen tana ja mini, ni ina tsinkewa.  Can sai ta ce, “Kin iya ɗinki, 'yata.” A nan ne na ajiye rezar na ɗan lokaci.

Mama Cecilia ta ce a samo wa Fure ma baƙin ƙyalle kafin Lahadi. Na ce a'a. Ta buɗe baki, Mama Iyatu ta ce, “An ce miki a'a.” Yarinya za ta sa rigarta da tsuntsayenta har ta yi mata kaɗan.

Abin da na farke na naɗe shi tamau na sa cikin 'yar jakar, tare da rezarsa da matajin. Bai shiga duka ba, sai da na danna.

Inda na cire bakin, na ɗaga zanen a rana na duba. Duk wankin nan da lemon tsami da toka, ko alamar koɗewa babu. Ba sai na koma marina ba. Malam Irmiya, ka ga marinin nan ya ce zan riƙa tunawa da shi.